Malamin Gobe da Wayar Aljihunsa

A kwalejojin horar da malamai da dama, darasin kwamfuta a kan allo yake ƙarewa: a zana madannai da alli, ɗalibai su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Daga nan a tura su gwajin koyarwa, su tarar da aji cike maƙil, ba wuta balle majigi. To ina amfanin haddar? Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ita ma hukumar TRCN da kwamfuta take gwada mai neman rajistar malanta, ke nan ba sauran wurin ɓuya. A ganina, abin da ɗalibin NCE ya fi buƙata shi ne ya iya sarrafa wayar da ke aljihunsa. Ya sauke bidiyon yadda zuciya ke harba jini tun inda akwai sabis, ya datse shi zuwa minti biyu, ya kasa yara rukuni-rukuni, ya riƙa tsayar da shi yana tambaya: jinin nan daga ina ya fito, ina ya nufa? Wannan tsayarwar ce koyarwa. In babu ita, gidan kallo aka buɗe. Da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo da WhatsApp ne suka rufa asiri. Don haka ya kamata hukumar NCCE mai kula da kwalejojin horar da malamai ta ware maki na musamman a gwajin koyarwa, kada ɗalibi ya samu sai ya gabatar da darasi da na'ura a gaban yara.