Da Wane Suna Ake Nemanmu a Fihirisa?

 Ya ku 'yan'uwa na Alsahafa da Umdurman, da waɗanda yaƙi ya warwatsa zuwa wasu garuruwa, muna son mu yi magana a kan wani koke da ya yawaita a bakin yaranmu masu karatu a jami'a. Sukan ce sun shiga fihirisar maktabar jami'a ta intanet, sun rubuta kalmar "Hausa", abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawansa labarin Kano ne da Sakkwato. Daga nan sai su yanke hukunci cewa ba wanda ya taɓa rubuta komai a kan Hausawan Sudan. Wannan hukunci yana da gyara. An yi rubutu a kanmu, amma da sunayen da wasu suka raɗa mana. Abin da babu shi a fihirisa shi ne abin da muka rubuta da hannunmu, kuma wannan giɓi mu kaɗai ke iya cike shi.

Domin amfanin iyayenmu da ba su saba da ita ba, fihirisa ita ce jerin abin da maktaba ta mallaka. A dā katuna ne a cikin aljihunan katako, yanzu an mayar da ita cikin kwamfuta, mutum na iya duba ta da wayarsa daga gida. Tana gaya maka sunan littafi, da mawallafinsa, da shekarar bugu, da maudu'insa, da lambar da za ta kai ka kantar da aka ajiye shi. Aikinta kamar na dillali ne: ta nuna maka ƙofar gida, shiga kuwa sai da ƙafarka. Sai dai dillali yana gane nufinka ko da ka yi kuren suna, ita kuwa haruffan da ka ba ta kawai take bi. In ka ba ta suna ɗaya, da wannan sunan kaɗai za ta amsa.

To mu kuwa sunayenmu a ƙasar nan suna da yawa. An kira mu Fallata, aka haɗa mu da Fulani da Barebari a tukunya ɗaya. An kira mu Takari da Takarir. Turawan mulki sun rubuta mu a matsayin mutanen Afirka ta Yamma, ko mahajjatan Najeriya. Wasu daga cikin waɗannan sunaye ba ma jin daɗinsu, domin an sha jifanmu da su a kasuwa da ofis. Amma mai neman ɓataccen raƙumi ba ya ƙin bin sawu don ya ratsa ta juji. Wanda ya ƙi rubuta "فلاتة" ko "تكارير" a gurbin bincike ya rufe wa kansa rabin ƙofofin.

Ku dubi littattafai huɗu da duk mai binciken tarihinmu zai buƙata. Umar al-Naƙar ya wallafa littafinsa a kan al'adar tafiya hajji ta mutanen Afirka ta Yamma, maɗaba'ar Jami'ar Hartum ta buga shi a 1972. Mark Duffield ya rubuta nasa a kan Mai Wurno a 1981. Bawa Yamba ya fitar da *Permanent Pilgrims* a 1995, a kan mutanenmu da suka fito da niyyar Makka suka zaunu a nan. A cikin ukun nan babu wanda kalmar Hausa ta fito a sunansa. Na huɗun ne kawai ya ambace mu kai tsaye, wato *Hausa in the Sudan* na Farfesa Al-Amin Abu Manga, ɗan Mai Wurno, wanda aka buga a Jamus a 1999. Ashe yaron da ya nemi sunan littafi da kalma ɗaya zai sami ɗaya ya rasa uku.

Haka lamarin yake a wajen rubuta suna. Faransawa suna rubuta Haoussa, tsofaffin littattafan Jamusawa suna rubuta Haussa, da Larabci kuma za ka ga هوسا da هوسة da حوسا. Garin Mai Wurno yana zuwa a matsayin Maiurno ko مايرنو. Shehu Mujaddadi kansa yana ƙarƙashin Usman dan Fodio a wani wuri, Uthman ibn Fudi a wani, عثمان بن فودي a wani. Wanda ya san wannan zai tarar cewa maɗaba'ar Jami'ar Hartum ta buga *Bayan Wujub al-Hijra* na Shehu a 1978, da tahƙiƙin Fathi al-Masri, kuma Jami'ar Afirka, wadda ke nan kudancin Hartum kusa da mu, ta shirya nadwa a kan Shehu a 1995.

Saboda haka muke ba ɗalibanmu shawara su gwada kowane suna da harafin Larabci da na boko. In littafi ɗaya mai amfani ya fito, kada a tsaya a kansa: a duba maudu'in da ma'aikatan maktaba suka rubuta a ƙarƙashinsa, a danna shi, zai fito da 'yan'uwansa. A kuma lura da lambar kanta, domin littattafai masu magana ɗaya maƙwabtan juna ne. A tsarin Dewey harshen Hausa yana lamba 493.72, a tsarin maktabar majalisar Amurka kuma yana farawa daga PL8231. Risalolin majistir da daktora sau da yawa ba sa cikin fihirisar littattafai, suna cikin ma'ajiyar jami'a ta intanet, kamar Khartoumspace ta Jami'ar Hartum. Abin da ba a samu a gida ba, a neme shi a WorldCat, wadda ta tattara fihirisar dubban maktabobi na duniya, ko a fihirisar taskar takardun Sudan da Jami'ar Durham ta Ingila ta kafa a 1957.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk sha'anin 'yan boko ne, me ya shafi mai shago ko manomi? Ya shafe shi, domin tambayar da ta fi kowace bin mu a ƙasar nan ita ce: yaushe kuka zo? Dokar jinsiyya ta 1957 ta sharɗanta cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba sun zauna a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897, kuma gidaje da yawa sun san wahalar da aka sha wajen kawo shaida. A Yulin 2022 jini ya zuba a jihar Nilul Azraƙ, kuma a gindin fitinar akwai wannan magana ta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mun san kakanninmu sun bi hanyar hajji ta Wadai da Darfur da Kurdufan tun kafin zuwan Turawa. Mun san bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har gaɓar Nilu kusa da Sinnar. Mun san gumin da mutanenmu suka zuba a gonakin audugar Jazira tun buɗe su a 1925. Amma "mun sani" ba ta ɗaukar nauyi a gaban alƙali ko a zauren muhawara, sai an ce ga littafin, ga shekarar, ga shafin.

Yanzu sai mu juya ga abin da ya fi damunmu. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, mun ga abin da wuta ke yi wa takarda. A watanninsa na farko maktabar Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta nazarin Sudan, da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman, ta ƙone. Babbar hasara ce, amma a cikinta akwai darasi. Littafin da aka riga aka rubuta sunansa a fihirisa, ko ya ƙone an san ya taɓa wanzuwa, ana iya cigiyar kwafinsa a Alƙahira ko Landan ko Kano. Wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, in ya ƙone ya tafi ke nan, ko ta'aziyyarsa ba za a yi ba.

A wannan rukuni na biyu dukiyarmu take. A gidajenmu akwai gafaka da adaka masu ɗauke da waƙoƙin wa'azi da ajami, da wasiƙun da aka aiko daga Kano da Katsina da Makka, da takardun sayen fili, da salsalar malamai, da littattafan fiƙihu da kakanni suka kwafa da hannu suka goyo su a kan jaki wata da watanni. Da yawanmu mun fita daga Alsahafa da kayan jikinmu kawai. Wasu sun dawo sun tarar da adakarsu, wasu sun tarar da toka, kuma ko magada ba za su iya lissafa abin da ke ciki ba, domin ba a taɓa lissafawa ba.

Mun san uzurin dattawanmu, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ilimi a ƙirji yake, kuma littafin da ya fita gida da sunan aro ba kasafai yake dawowa ba. Wasu kuma suna tsoron kada jeri ya zama hanyar da za a san abin da ke hannunsu a zo a karɓe. Amsarmu cikin ladabi ita ce, ƙirji ma ana binne shi, kuma ba wanda ya ce a fitar da littafi daga ɗaki. Sunansa kawai ake so, da hotonsa in mai shi ya yarda. Wannan kuwa ba baƙon aiki ba ne a wajen malamai. Ibn al-Nadim ya tsara *Al-Fihrist* a Bagadaza a shekarar 377 ta Hijira, kuma littattafai masu yawa da suka salwanta ta wurinsa kaɗai aka san sunayensu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta *Ida'un Nusukh* ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Mai riƙe da ijaza ya riga ya yarda da fihirisa, sunan ne kawai bai saba da shi ba.

Abin da muke kira gare shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane gida ya zaunar da yaro ɗaya mai karanta ajami tare da dattijo ɗaya. A kowane littafi ko takarda a rubuta sunansa, da mawallafi, da wanda ya kwafa, da kalmomin farko da na ƙarshe, da adadin waraƙa, da shekara in akwai, da gidan da yake. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a hannun mutum biyu da ba gari ɗaya suke ba. In jerin unguwa ya haɗu, sai dattawa su zauna su yanke abin da za a miƙa wa jami'o'i, kamar Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum, da abin da zai zauna sirrin gida. Shirin Sudan Memory ya riga ya nuna cewa ana iya ɗaukar hoton takardu a ɗora a intanet, asalinsu kuma ya zauna wurin masu shi.

Sharaɗi ɗaya muke so a riƙe: duk abin da za mu miƙa, mu rubuta masa maudu'i da kanmu, da Larabci da boko, mu sa "Hausawan Sudan" da sunan garin da ya fito, ko Mai Wurno ne, ko Gadarif, ko Kasala, ko Alsahafa. Ɗalibanmu masu rubuta risala su ma su sa wannan suna a kan aikinsu, su kuma tabbatar an shigar da shi ma'ajiyar jami'a. Ta haka wanda ya zo bayanmu zai neme mu da sunan da muke kiran kanmu ya same mu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya.