Kafin Ka Ɗaga Hannu a Gwanjo

Wani ɗan uwa a Ingila ya turo min hoton Honda CB750 ƙirar 1969 da za a yi gwanjonsa, an gyara shi fes, yana tambaya ko ya zuba ɗan abin da ya tara. Ban ga laifinsa ba: silinda huɗu, birkin faifai a gaba, ba roba-robar da muka hau a gida ba ce. Sai dai manyan masu saye ba fenti suke kallo ba. Injinan farko, kimanin 7,000, da ake yi wa laƙabi da zubin yashi, su ne masu tsada. Na ce ya duba lambar inji da ta shasi tukuna, ya kuma lissafa kamashon masu gwanjo. Shiru har yau.