Sana'a sa'a: Tagar leda a rumfar jirgin ruwa

Kogin Isa yana ratsa ƙasar Nijar tsawon kilomita 550, daga iyakar Mali har zuwa yankin Gaya. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a shekara ta 2023, matafiya da fatake masu yawa suka koma ga jiragen ruwa. Mai jirgin da ke son kare mutanensa daga ruwan sama da iska yakan lulluɓe rumfa da tampol. To, amma tampol yadda yake tare ruwa haka yake tare gani. Maganin wannan ita ce tagar leda mai kauri, wadda ake hangen waje ta cikinta.

Aikin yana da ƙa'idodinsa. Ledar da ta dace kaurinta yakan kama daga rabin milimita zuwa milimita 1. Gwanin maɗumki ba ya fara huda tampol. Sai ya shimfiɗa ledar bisa kansa, ya ɗumke ta kewaye, sannan ya yanke tampol ɗin da ke bayanta, ya kalmashe bakin. In aka fara da yanka, ramin yakan karkace, leda ta tattare.

Allura kuwa, duk inda ta huda leda, hujin ya zauna ke nan har abada. Don haka ba a warware ɗumki a sake, kuma tsakanin huji da huji a bar kamar milimita 6. Ɗumki mai matsi yana mai da leda tamkar takardar rasit, iska na bugawa sai ta yage bisa layi. Zaren auduga ruɓewa yake yi cikin laima. Zaren roba mai jure rana shi ne na wannan aiki. Araha ba ta ado.

Sauran kulawa tana wuyan mai jirgi. Rana tana busar da leda, ta yi ja, ta tsage. Ƙurar hunturu, in aka share ta da busasshen tsumma, tana karce tagar har ta dushe. A fara zuba ruwa tukuna. Wajen ajiya, naɗewa ake yi, ba ninkewa ba.

Babban abin lura shi ne rai. Tampol da aka ɗaure ta ko'ina yana kama iskar hadari, ya karkata jirgi, kuma in jirgi ya kife, sai rumfa ta zame wa mutane tarko. Wajibi ne kowane gefe ya kasance mai buɗuwa da ja guda, a kuma bar wa hayaƙin inji mafita. Maɗumki da matuƙi su tuna amanar rayukan bayin Allah ce ke hannunsu.

Allah shi kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.