Rangwame a Wasan Golf: Ina Adalcin Yake?

A wasan golf, wanda ya kammala ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Domin gwani da ɗan koyo su iya karawa a gasar masu wasa don sha'awa, akan ba kowa rangwame gwargwadon iyawarsa. Idan mai rangwamen 18 ya yi bugu 90, za a rubuta masa 72, daidai da mai rangwamen 4 da ya yi bugu 76.

Tun shekarar 2020, hukumomin USGA ta Amurka da R&A ta Sikotilan suka fitar da tsari ɗaya na duniya. Akan duba wasanni 20 na ƙarshe da mutum ya buga, a zaɓi 8 mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu, tare da la'akari da wuyar kowane fili. Ke nan rangwame yana auna abin da ɗan wasa zai iya yi ne a ranar da hannunsa ya faɗa.

Daga nan gardama ta taso. Sakamakon gwani ba ya nisa da juna, amma na ɗan koyo yau sama, gobe ƙasa. Idan su biyu kaɗai suka kara, gwani ne zai fi yawan cin nasara, domin ya fi kusantar rangwamensa kullum. Idan kuwa mutum ɗari suka shiga gasa, da wuya a rasa ɗan koyo guda da zai yi sa'a ta musamman a ranar, ya ɗauke kofi.

Wannan ne ya sa tsarin ya ba da shawarar a yi amfani da kashi 95 cikin ɗari na rangwamen a gasar da kowa ke buga wa kansa ana ƙirga bugu. Mai 40 zai koma 38, mai 4 kuwa zai tsaya a kan 4. Wasu na ganin an tauye masu rauni, alhali gyara ne da lissafi ya wajabta, kuma ya dace a riƙe shi. Rangwame cikakke a cikin taro mai yawa zai sa gwani ya riƙa shiga gasar da kusan ba shi da rabo a cikinta.

Ya kamata malaman lissafi su kai wannan misali aji, domin ɗalibi ya fahimci cewa matsakaici kaɗai ba ya bayyana jerin alƙaluma, sai an auna yadda suka warwatsu.