Zancen Gida: Kadan Ƙarfen Waya Ya Yi Maƙwabtaka da Gidanka

Tun daren 11 ga Disamba ​2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, mun ga iyalai da dama na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna sayar da gidajensu, su nufi Funtua ko Zariya. Ba za mu ga laifinsu ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda a ke karya musu kuɗin gida, tun ba wanda gidansa ya ke kusa da dogon ƙarfen nan na kamfanin waya ba.

Dillali ya kan zo, ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya girgiza kai, ya ce, "Baba, wa zai saya? Ai abin nan ciwo ya ke kawowa." Maigida kuwa yana sauri, sai ya sallama. To, mu tsaya a kan wannan magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2006 cewa ba a sami tabbatacciyar shaida ba cewa iskar da ƙarfen ke watsawa tana cutar mutum. Ainihin wahalar tana ƙasa, wato janareta: ƙara dare da rana, da hayaƙi, da man gas da ke tsiyaya har ya kai ga rijiya. Waɗannan kuwa abubuwa ne da a ke iya gyarawa.

Saboda haka, kafin ka kira dillali, ka sami igiyar awo. Ƙa'idar hukumar kiyaye muhalli ta ƙasa, NESREA, ta 2011 ta ce a bar mita 10 tsakanin ƙarfen da katangar gidan zama, ko da shi ke ta hukumar sadarwa, NCC, mita 5 ta ce. Kadan naka bai kai ko biyar ba, kana da magana. Amma kada ka tafi kai kaɗai. Ku haɗu da maƙwabta, ku rubuta takarda ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, ku kai ƙaramar hukuma, ku roƙa a killace janaretan, a toshe inda mai ke zuba. Ku riƙe kofen takardar, gama mai saye zai so ya gan ta.

Takardun gida ma kuɗi ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, kuma ba a sauya hannu sai da yardarsa, ko ta ƙaramar hukuma in na ƙauye ne. Gidan gado kuwa, sai dukan magada sun sa hannu, har da gwauruwa da 'ya'ya mata. Mun sha ganin ciniki ya rushe don an manta da 'yar'uwa ɗaya da ke aure a Kaduna.

Akwai masu ba da shawara a kawo mai saye sa'ad da janareta ya ke a kashe. Mu dai ba mu tare da su. Ka kawo shi da magariba, ya ji ƙarar da kunnensa, ya ɗebi ruwan rijiya ya sansana. In ya yi tayi bayan wannan, ba zai dawo da shaidu yana neman kuɗinsa ba.

Sa'an nan ka tambayi kanka, wa ke bukatar irin gidan nan? Mai jariri zai guje shi, amma ɗan kasuwa mai neman ɗakin ajiyar masara kafin ranar kasuwar Sheme ko Dandume, ƙara ba ta dame shi ba. Haka mai cajin waya da mai shago. Ka kuma tuna wa dillali Satumbar 2021, sa'ad da aka rufe layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu ukun nan. Watannin nan, wanda ke zagin ƙarfen shi ne ya riƙa shiga mota ya yi tafiya mai nisa don ya gai da ɗansa ta waya.

Kada ka tsaya ga dillali ɗaya. Ka nemi biyu ko uku, ku yanke la'ada tun kafin a fara tayi, ka kuma binciki nawa aka sayar da gida irin naka a layi na gaba, inda ƙarar ba ta kaiwa. Bambancin nan kaɗai ya kamata ka rage.