RA'AYINMU: SUNA BA HAJAR SAYARWA BA NE

Duk wanda ya kai ziyara gida Suleja a shekarar 2024, ya ratsa unguwannin Iku da yamma, ya ga irin abin da muka gani a Agege da Shagamu da Sabon Badun: samari sun duƙufa kan wayoyinsu suna ta dangwale, wai suna "mainin". Abin ya samo asali ne daga Notcoin, wani wasa na cikin manhajar Telegram wanda ya raba wa masu yinsa sulallan intanet a watan Mayu na wannan shekara, har wasu suka sami abin sawa a aljihu. Daga nan sai jama'a suka yi ca a kan Hamster Kombat, wanda masu shi suka ce mutum miliyan 300 ne suka shiga. Da ranar rabo ta zo, ran 26 ga Satumba, abin da yawancin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba.

Ba mu ce wannan kuɗi ya saɓa wa dokar ƙasa ba. Babban Bankin Nijeriya ya janye hanin da ya yi wa bankuna a watan Disamba na 2023, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar SEC. Abin da ya dame mu shi ne abin da ake karɓa daga hannun mutum kafin a ba shi ladan, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Manhajar Pi Network, alal misali, ba ta sakar wa mutum sulallansa sai ya aika da hoton katin shaidarsa da na fuskarsa. A ƙasar Kenya kuwa, sai da gwamnati ta dakatar da kamfanin Worldcoin a watan Agusta na 2023, bayan mutane sun yi dogon layi a Nairobi ana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu ana biyansu da sulalla. A nan gida ma, hukumar EFCC ta bayyana a watan Yuli na 2025 cewa akwai matasa masu bi suna sayen lambobin NIN da BVN na mutane a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar gaba.

To, jama'a, a yi tunani. Idan aka buɗe asusun banki da sunanka aka damfari wani da shi, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Taka. Baƙo kuwa, wanda ke nesa da danginsa, ya fi kowa sanin wuyar samun mai tsaya masa. Iyayenmu da suka zo kudu fataucin shanu da goro, da sunansu suka ci bashi, da shi suka sami maigida da dillali. Wayar da ta ɓace ana sayen wata, amma ba a sake fuska, ba a sake yatsa.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na garuruwan kudu da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su gargaɗi matasa. Wanda ya saya wa ƙanensa waya ya aika gida, lalle ne ya haɗa da nasiha: kada ya ba kowa lambar NIN ko BVN don kwaɗayin lada. Haka kuma muna kira ga hukumar kare bayanan jama'a, watau NDPC, ta riƙa bayyana dokar 2023 da harshen Hausa a gidajen rediyo, domin dokar ta ba kowa ikon tambayar me za a yi da bayanansa, da ikon janye yardarsa.

Mutanen Suleja sun fi kowa sanin darajar suna. Bayan da gwamnatin Janar Murtala ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sun bar masa sunan garinsu, Abuja, suka ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Sun yi haka ne ido buɗe, don amfanin ƙasa baki ɗaya. Bai kamata jikokinsu su sayar da nasu a kan Naira 2,000 ga wanda ba su taɓa gani ba.

Allah ya ganar da mu, amin.