Wa Zai Riƙe Makullin Motar Jama'a?

A watan Janairun 2014 ne ƙungiyar nan ta Statewatch da ke Ingila ta bankaɗo wata takarda da ke nuna cewa wani gungun manyan 'yan sanda na ƙasashen Tarayyar Turai, mai suna ENLETS, ya tsara aikin shekara shida, kuma a cikin abubuwan da ya sa a gaba har da samar da wata na'ura wadda za a riƙa dasawa cikin kowace mota da za ta shiga kasuwar Turai, ta yadda ɗan sanda yana zaune a ofis zai iya kashe injin mota tana cikin tafiya. Da kuɗin harajin jama'a ake biyan waɗannan jami'ai, amma jama'ar ba su ji labarin daga bakin mahukuntansu ba, sai da 'yan jarida suka tona.

Hujjar da aka kawo ba sabuwa ba ce: wai tsaro. Wai ɓarawo in ya tsere da mota yana jefa rayukan mutane cikin haɗari. Babu mai musun wannan. A ranar 14 ga Yulin 2016 wani mutum ya kutsa da babbar mota cikin taron jama'a a birnin Nis na Faransa, rayuka 86 suka salwanta. To amma ɗan'uwa mai karatu ya dubi abin da ya faru a Balin ta Jamus a watan Disambar wannan shekarar, inda aka sake irin wannan ta'asa a wata kasuwa. Motar ta tsaya ne saboda birkin da ke jikinta mai kama kansa da kansa in ya ji karo, irin wanda dokar Turai ta wajabta wa sababbin manyan motoci. Ba wani jami'i ne ya danna maɓalli daga nesa ba. Ashe ke nan akwai hanyar kare rai wadda ba sai an miƙa wa hukuma linzamin motar kowa ba. Me ya sa ita hukumar ta fi kwaɗayin linzamin?

Su kuwa 'yan kwangila tuni suka ji ƙanshin nama. A 2013 kamfanin e2v na Ingila ya gwada wata na'ura a wani tsohon filin jirgin sama, mai harba igiyar rediyo ta rikita kwamfutar mota har injin ya mutu. Ita ma Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a wani bincike makamancin wannan mai suna SAVELEC. Igiyar rediyo kuwa ba ta da ido, ba ta san motar ɓarawo da ta mai kai mara lafiya asibiti ba.

Babbar musibar ma ita ce makullin ba ya zama a hannu ɗaya. A 2010, a birnin Ostin na jihar Teksas ta Amurka, wani kamfanin sayar da motoci bashi ya dasa irin wannan na'ura don ya riƙa hana motar wanda bai biya ba tashi. Da aka sallami wani ma'aikaci, sai ya shiga na'urar ta intanet ya taɓa motoci fiye da 100, wasu suka ƙi tashi, wasu suka yi ta busa oda ba ƙaƙƙautawa. Yaro ɗaya mai jin haushi ke nan! A 2015 kuma wasu masana biyu suka kutsa cikin wata mota ƙirar Jeep daga nesa, suka katse mata ƙarfi a tsakiyar babban titi, da wani ɗan jarida a ciki wanda ya yarda a yi gwajin da shi. Dole kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 don gyara. In kamfanin da ya ƙera motar da hannunsa ya kasa tsare ƙofarta, wane jami'in gwamnati ne zai rantse cewa ofishinsa zai iya?

Sannan wa ke yanke hukuncin cewa mota "mai haɗari" ce? Yau ɓarawo ne, gobe ɗan jaridar da ya ɗauko labarin da bai yi wa masu mulki daɗi ba, jibi motar da ta kwaso masu zanga-zanga. Shingen kan hanya ko ba komai ana ganinsa, ana ganin fuskar wanda ya tsare shi, ana iya kai ƙararsa. Wanda ya danna maɓalli daga ɗaki mai sanyi ba shi da fuska, in motar ta mutu a kan gada wata ta haye ta, sai a ce ai matsalar inji ce.

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. Motocin da Turai ta gama ci su ne ake saukewa a tashar Kwatano, su wuce Maraɗi da Kano da Sakkwato. Duk abin da aka dasa musu a can da shi za su iso, kuma mai sayen 'yar Kwatano ba a ba shi takardar da ke faɗa masa hannun wa makullin na biyu yake.